Harshe Ɗaya, Alƙibla Uku: Nazari a kan Asalin Sabiyawa da Luggarsu



Mas'alar da na ɗauko domin in shimfiɗa a gabanku yau, ko da yake ta fito ne daga ƙasa mai nisa wadda yawancinmu ba mu san sunanta ba sai a bakin masu karanta labarun yaƙi a rediyo, ta shafi tambayar nan da ma'abota ilmi suka daɗe suna jayayya a kanta, wato ko harshe ne yake yanka wa al'umma iyakarta, ko kuwa akwai wani abin da ya fi shi ƙarfi, wanda shi kansa harshen yake bi a baya. Al'ummar da nake nufi ita ce Sabiyawa, mutanen ƙasar Sabiya da ke yankin Balkan a kudu maso gabashin Turai, waɗanda kuma ake samun danginsu da yawa a Bosniya da Montenegro da Kuroshiya da Kosovo. Abin da zan kafa wa hujja shi ne cewa babban malaminsu na lugga ya so ya gina musu ƙasa a kan harshe, ya kuwa yi nasara a kan rubutu da adabi, amma da aka zo batun wane ne Basabiye wane ne ba shi ba, sai mazhaba ta ƙwace hukuncin daga hannunsa.

Sabiyawa reshe ne na jinsin Silabawa, dangin Rashawa da mutanen Folan da Bulgeriya, waɗanda suka gangaro kudu suka tsallake kogin Danub a ƙarni na 6 da na 7 na Miladiyya. Mafi daɗewar riwaya mai tsawo game da zuwansu tana cikin littafin da Sarkin Rumawa Kustantin na Bakwai ya wallafa wa ɗansa wajen shekarar 950, inda ya ce wanda ya ba su ƙasar zama shi ne Hiraƙla, sarkin nan da ya yi mulki daga 610 zuwa 641, wanda duk ɗalibin sira ya san shi, tun da yake shi ne Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aika wa da wasiƙa. Masana tarihi suna karɓar wannan riwaya da taka-tsantsan, saboda tsakanin mai ba da labarin da abin da ya faru akwai shekara ɗari uku, kuma sarki ne yake rubuta abin da zai ƙarfafa da'awar gidansa. Addinin Nasara ya zauna a cikinsu a ƙarni na 9, ya kuma zo musu da haruffan Siril, waɗanda almajiran Siril da Metodiyus suka tsara a Bulgeriya bisa ƙirar haruffan Girka, da kuma harshen ibada wanda ake kira Silabancin coci.

Ginshiƙin da zatin Sabiyawa ya tsaya a kansa har yau an kafa shi ne a gidan mutum ɗaya, Stefan Nemanya, wanda ya mulki ƙasar Rashka a rabin ƙarshe na ƙarni na 12. Ƙaramin ɗansa Rastko ya guji sarauta ya tafi Dutsen Atos ya shiga zuhudu cikin ruhubanawa, ya ɗauki sunan Sava. Daga baya uban ma ya yi murabus ya bi shi, suka raya zawiyar Hilandar a 1198. Wan Sava ya karɓi kambin sarauta daga Paparoma a 1217, amma bayan shekara biyu kacal, a 1219, sai Sava ya samo wa cocin Sabiya 'yancin kanta daga shugabannin mazhabar Otodoks ta Gabas. Da wannan aka rufe ƙofar Rum ta yamma aka fuskanci gabas, alhali maƙwabtansu Kuroshiyawa, masu magana da harshen da kusan ba shi da bambanci da nasu, suna bin Paparoma suna rubutu da haruffan Latin. Daular ta kai ƙololuwarta a zamanin Stefan Dushan, wanda aka naɗa sarkin sarakuna a Skopiye a 1346, ya fitar da kundin shari'arsa a 1349, ya rasu a 1355, ƙasar kuwa ta tsattsage a hannun hakimai tun kabarinsa bai bushe ba.

A cikin wannan rarrabuwa Turkawa suka same su. Ya kamata in yi tanbihi a nan cewa duk inda na ce Daular Usmaniyya ina nufin ta Santambul ce, ba tamu ta Sakkwato ba. A shekarar 1389, ranar da ake tunawa da ita a 28 ga Yuni a kalandar yau, rundunar Yarima Lazar ta yi karo da ta Sultan Murad na Ɗaya a filin Kosovo, kuma shugabannin biyu duk suka kwanta dama a wurin. Alal haƙiƙa ba ranar ce ƙasar ta faɗi ba, domin birnin Smederevo, hedkwatarsu ta ƙarshe, bai shiga hannun Turkawa ba sai a 1459, bayan shekara saba'in cif. Sai dai limaman coci da mawaƙan karkara sun ɗauki wannan rana sun mai da ita madubin da al'umma take kallon kanta a ciki, suka ce Lazar ya zaɓi mulkin sama a kan na ƙasa, suka sa wa wani hakimi tambarin cin amana wanda masana tarihi ba su sami hujjarsa ba, har abin ya zama aƙida da ake shayar da yaro tare da nonon uwa.

Tsarin mulkin Usmaniyya shi ne ya ƙarasa ɗaure asali da addini, domin daular ba ta tambayar talaka wane harshe yake yi, sai dai wace milla yake bi. Kirista zimmi ne mai biyan jizya, limamansa ne suke riƙe da aurensa da gadonsa. Wanda ya musulunta kuwa ya fita daga wannan sahu ya shiga wancan, har maƙwabtansa sukan ce ya zama Baturke, ko da bai iya kalma goma ta Turkanci ba. Misalin da ya fi ban mamaki shi ne na Mehmed Fasha Sokolovic, yaron da aka ɗauko daga wani ƙauyen Otodoks na gabashin Bosniya a cikin harajin yara da daular take karɓa, aka musuluntar da shi, ya yi ta hawa har ya zama babban waziri daga 1565 zuwa 1579, ya yi wa sarakuna uku hidima. Shi ake danganta wa hannu a maido da kujerar babban limamin Sabiyawa a garin Pec a 1557, wanda aka ɗora a kanta kuwa ɗan'uwansa ne na jini, Makariye. Gida ɗaya ke nan, harshe ɗaya, ɗaya yana kan buzun wazirci a Santambul ɗaya yana kan kujerar coci. Wannan coci ta Pec ita ta riƙe wa Sabiyawa sunansu da tarihin sarakunansu lokacin da ba su da sarki, tare da al'adar nan ta Slava, inda kowane gida yake da waliyyinsa da ya gada daga uba, ana yi masa biki sau ɗaya a shekara da gurasa da dafaffiyar alkama da kyandir, abin da yawancin Kuroshiyawa ba su yi.

Shekaru ɗari huɗu na wannan zama sun bar wa harshen gado wanda kunnen Bahaushe zai gane nan take, domin kalmomin Larabci da suka iso mana ta hanyar rairayi da ayarin raƙuma sun isa can ta bakin Turkawa. Abin da muke ce wa aljihu su džep suke cewa, sa'a ita ce sat, sana'a zanat, sanduƙi sanduk, alƙali kuwa kadija, ana furta shi kadiya. Malam Abdulah Shkalyic na Sarayebo ya tattara irin waɗannan kalmomi fiye da dubu takwas a ƙamus guda. Abin dariya a ciki shi ne, ɗabi'ar da Sabiyawa suke alfahari da ita su ce ita ce halinsu na gado, wato taurin kai da yin abu don a nuna wa mai ƙarfi bai isa ba, sunanta inat, wanda ba kome ba ne illa inadi na Larabci, aro daga waɗanda aka yi wa taurin kan.

A 1690, bayan sun goyi bayan Ostiriya a yaƙi ta kuwa janye ta bar su, dubban iyalai suka yi hijira zuwa arewa ƙarƙashin babban limaminsu Arseniye na Uku, suka zauna a ƙasar da ake kira Voyvodina yanzu. A can ne aka sami attajirai da makarantu, a can ne kuma harshen rubutu ya rikice, saboda tsoron kada a mai da su Katolika ya sa limamansu suka nemi malamai da littattafai daga Rasha, sai aka wayi gari masu ilmi suna rubutu da wani gauraye na Silabancin coci da Rashanci da maganar gida, wanda ba shi da tsayayyen nahawu, kowane marubuci yana dama shi yadda ya ga dama, manomi da makiyayi kuwa ba su fahimtarsa. Haruffan sun haura arba'in, wasunsu ba a furta su ko kaɗan, ana rubuta su ne kawai domin haka aka tarar.

A nan ne Vuk Karajic ya shigo, kuma zan ɗan daɗe a kansa. An haife shi a ƙauyen Tirshic a 1787, ɗan talakawa, mai lalurar ƙafa wadda ta sa ya ƙare rayuwarsa yana dogara sanda, bai kuma yi karatu mai zurfi a makaranta ba. Ya yi aikin magatakarda a tawayen farko da Karajorje ya jagoranta daga 1804, da Turkawa suka murƙushe tawayen a 1813 sai ya gudu Biyana, inda Allah ya haɗa shi da Yerney Kopitar, wani masanin lugga ɗan Sulobeniya mai aikin tace littattafai wa gwamnatin Ostiriya. Kopitar ya karanta wata takarda da baƙon ya rubuta, ya ga harshe ne tsantsa irin na bakin mutane, wanda bai taɓa gani a rubuce ba, sai ya riƙe shi ya sa shi aiki. A 1814 Vuk ya fitar da ɗan littafin nahawu da tarin waƙoƙin baka, a 1818 kuma ya fitar da ƙamus mai kalmomi kimanin dubu ashirin da shida, da fassararsu cikin Jamusanci da Latin, waɗanda yawancinsu daga kansa ya zubo su kamar yadda ya ji su a ƙauye. Ka'idarsa ita ce a rubuta yadda ake faɗa, kowane sauti da harafinsa guda. Ya zubar da haruffan da ba su da aiki, ya ƙara shida, jimla ta tsaya a talatin. Wani malami mai suna Sava Mrkaly ya riga shi kiran a yi wannan gyara tun 1810, amma matsin limamai ya sa ya janye, Vuk kuwa yana da inadin da ake bukata.

Ulama'un coci, da babban limamin Karlovtsi, Stefan Stratimirovic, a gabansu, sun ɗauki aikin a matsayin bidi'a. Sun ce ya ɗauko harshen makiyayan shanu ya ɗora a kan na littattafai masu tsarki, sun ce ya cusa kalmomin batsa cikin ƙamus, wannan kuwa gaskiya ne, ya sa su. Amma abin da ya fi ɓata musu rai harafi ɗaya ne tak, wato j, wanda ya aro daga haruffan Latin, suka ce ta wannan ƙofa ce Paparoma zai shigo. Wanda ya san irin kallon da malaman zaure suka yi wa boko a farkon zuwansa, har aka laƙaba masa suna mai ma'anar abin da ba na gaske ba, ba zai yi wa waɗannan limamai dariya da gaggawa ba, domin sun fahimci abin da masu gyara sukan raina, wato cewa harafi tuta ne kafin ya zama sauti. An hana rubutun Vuk a cikin Sabiya kanta shekaru da yawa. Ya fitar da fassarar Sabon Alkawari cikin harshen talakawa a 1847, ya rasu a Biyana a 1864, gwamnatin ƙasarsa ba ta amince da ka'idarsa baki ɗaya ba sai a 1868, aka kuma kwaso ƙasusuwansa zuwa Belgired da girmamawa a 1897.

Makamin da ya ci yaƙin da shi waƙoƙin baka ne. Ya zauna gaban mawaƙa irin su makaho Filip Vishnyic, masu rera labarun mazan jiya da baitoci masu gaɓa goma-goma suna goga gusle, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma, ya rubuta abin da suka faɗa. Da waƙoƙin suka isa hannun Yakob Girim da Gote a Jamus suka yabe su, sai masu zagin harshen makiyaya suka rasa abin cewa, tun da manyan Turai sun sa masa albarka.

Daga nan ne kuma kuskurensa ya faro. A wata maƙala da ya buga a 1849 ya yanke hukunci cewa duk mai magana da karin harshen da ake kira Shtokaviya, wato wanda yake cewa što idan yana nufin "me", Basabiye ne, sai dai Sabiyawan sun kasu shari'a uku, ta Girka da ta Rum da ta Turkawa. A wurinsa ƙiyasi ne mai kyau irin na malaman Jamus na zamaninsa, waɗanda suke ganin harshe shi ne ruhin al'umma. Amma Katolikan Dalmeshiya da Musulmin Bosniya ba su ji an shawarce su ba, kuma abin da malami ya faɗa da niyyar haɗin kai 'yan siyasa sun karanta shi a matsayin takardar mallakar ƙasa. Duk da haka a 1850 shi da wasu marubutan Kuroshiya suka sa hannu a Biyana a kan cewa za su ɗauki kari ɗaya ya zama harshen adabinsu, haruffan Latin da Lyudevit Gay ya gyara wa Kuroshiyawa kuwa aka daidaita su da na Vuk har kowane harafi yana da takwaransa. Bambancin da ya rage a cikin gida ɗan kaɗan ne, irin na Kananci da Sakkwatanci ko ƙasa da haka: mutumin Belgired ya ce wa madara mleko, na Bosniya da Montenegro ya ce mlijeko, dukansu kuma ana karɓarsu a daidaitaccen Sabiyanci.

Akwai rubutu na uku wanda ba a cika ambata ba, shi ne ajamin Musulmin Bosniya da suke kira arebitsa, wanda suka rubuta waƙoƙin wa'azi da fiƙihu da shi kamar yadda kakanninmu suka yi. Tun a 1631 Muhammad Hevayi Uskufi ya tsara ƙamus na harshensu da Turkanci cikin waƙa. Haka kuma da Milman Fari da Albat Lod na jami'ar Habad suka je ɗaukar muryar masu gusle daga 1933 zuwa 1935 domin su gane yadda aka tsara waƙoƙin Homa, mawaƙin tsohuwar Girka, gwanin da ya fi kowa a wurinsu Musulmi ne, Avdo Mejedovic, wanda ya ba su waƙa guda mai layi fiye da dubu goma sha biyu. Ma'auni ɗaya ne da na Vishnyic, kayan kiɗa ɗaya, salon jera kirari ɗaya, sai dai jarumin wannan shi ne azzalumin wancan.

Tarihin ƙarni na 20 sananne ne, ba zan tsawaita ba. Sabiya ta sami cikakken 'yanci a taron Balin na 1878. Harbin yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914 ya kunna yaƙin duniya na farko. A 1918 aka haɗa ƙasar da daga 1929 ake kira Yugoslabiya. A yaƙin duniya na biyu gwamnatin Ustasha ta Kuroshiya ta yi wa Sabiyawa kisan kiyashi, sansanin Yasenovats yana shaida. Gwamnatin Tito, shugaban Yugoslabiya, ta sa aka yi ijma'i a Novi Sad a 1954 cewa harshen ɗaya ne mai suna biyu da rubutu biyu, marubutan Zagreb, hedkwatar Kuroshiya, suka yi masa tawaye a 1967, kuma a ƙidayar 1971 aka lissafa Musulmi a matsayin al'umma mai zaman kanta, wato gwamnatin da ba ta yarda da addini ba ita ce ta rubuta addini a gurbin ƙabila. Ranar 28 ga Yuni 1989 shugaban Sabiya Slobodan Miloshevic ya tsaya a filin Kosovo ya yi jawabin cikar shekara ɗari shida da yaƙin 1389, bayan shekara biyu Yugoslabiya ta kama da wuta, kuma a Yulin 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe maza da samari Musulmi kimanin dubu takwas a Srebrenitsa, abin da kotunan duniya suka hukunta cewa kisan ƙare dangi ne. Mai kisan da wanda aka kashe ba su bukaci tafinta ba. Da suna ake gane mutum, ko Yovan ne ko Ivan ko Yusuf.

A ganina wannan shi ne wurin da ya kamata mu masu nazarin Hausa mu yi tsokaci, domin lamarinmu kusan akasin nasu ne. A ƙasar Hausa harshe yana haɗiye baƙo, jikan Babarbare ko Banufe ko Buzu ya tashi a Kano ya zama Bahaushe ba wanda ya tambaye shi takarda, Bamaguje kuma bai fita daga Hausa ba don bai yi salla ba, ko da yake ba na musun cewa Musulunci ya shiga jinin kalmar. A Balkan kuwa harshen bai haɗiye kowa ba, saboda iyakar Rum ta gabas da ta yamma, sannan iyakar Santambul da Biyana, duk ta tsakiyarsa suka ratsa, kowace daula kuma ta yi wa talakawanta rajista da addininsu.

Yau harshen da Vuk ya rubuta wa nahawu yana da suna huɗu a hukumance, Sabiyanci da Kuroshiyanci da Bosniyanci da na Montenegro, waɗannan na ƙarshe har sun ƙara haruffa biyu a 2009. Tsarin mulkin Sabiya na 2006 ya ce haruffan Siril su ne na hukuma, amma allunan kantuna da saƙonnin waya a Belgired yawancinsu da Latin ake yi, yaro kuma yana koyon duka biyun a firamare. A garin Vukovar na Kuroshiya kuwa, da aka kafa alluna masu haruffan Siril a 2013 saboda tsirarun Sabiyawan wurin, da guduma aka farfasa su. A 2017 wasu masana da marubuta daga ƙasashen huɗu suka sa hannu a wata sanarwa cewa harshe ɗaya ne mai cibiyoyi da yawa, kamar Jamusanci ko Larabci, kowa ya kira shi da sunan da ya so, manyan 'yan siyasa da hukumomin harshe, musamman a Zagreb, suka yi watsi da ita. Kalmomin da ake kafa hujjar rabuwa da su akwai su, ba ƙarya ba ne: gurasa hleb ce a Belgired kruh a Zagreb, jirgin ƙasa voz a nan vlak a can. Gahawa kuwa, wadda dukansu suka karɓa daga hannun Turkawa, Basabiye kafa yake ce mata, Bakuroshiye kava, Musulmin Bosniya kuma ya riƙe ha ɗin Larabci ya ce kahva. Wannan harafi na ha Vuk kansa bai sa shi cikin ƙamus ɗinsa na farko ba, sai a 1836 ya shigar da shi, bayan ya ji yadda ake furta shi a Dubrovnik da Montenegro.